Kawu Masinja da Takardar da Na Ce Ba Ta Iso Ba

Bari in fara da abin da duk Kebbe ta sani amma ake jin nauyin furfurata: ni wawa ne. Ba irin mai yawo da tsumma ba, wannan an ɗauke masa alƙalami. Ni irin wanda ke ganin ya fi kowa wayo ne, shi kuwa ba ya warkewa. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma sai da gemu ya fito na shiga, na gudu kafin a kai ga lissafin rabawa. Duk wanda ya ga baƙi ya karkace a rubutun nan ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Kawuna ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa na Tambuwal. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Ya fi shekara talatin yana masinjan kotu, wato mai kai wa mutane sammaci da takardun sanarwa har ƙofar gida. Aiki ne da ba a yi wa mai shi maraba. Na ɗauka zaman makokinsa zai zama na dangi da maƙwabta kawai, sai ga tabarmi sun ƙare tun ranar farko, har aka aro na masallaci.

Wani tsoho ya zo daga Dogon Daji yana dogara sanda. Da aka shafa addu'a ya ce, "Sau ukku shina kawo min sammaci, kuma sau ukkun sai da munka ci tuwo ƙwarya guda." Aka yi dariya, shi kuwa ya sa hannun riga yana share ido. Tsohon rajistaran kotu, wanda idanunsa suka tafi, aka riƙo hannunsa aka zaunar da shi. Bai ce komai ba sai, "Ban taɓa aiken shi nik kwana da tunani ba." Daga cikin gida ana jin muryar matar Kawu, ba kuka take ba, tana ta faɗa wa mata cewa ko ranar da zai cika sai da ya tambaya ko an ba akuya ruwa. Ƙanena, wanda ke bi mini, ya jingina da bango ya ja hula ya rufe fuska.

A rana ta uku ina zagawa da faifan dabino na sadaka, sai na ji wasu dangi biyu na nesa suna magana ƙasa-ƙasa a bayana. Ɗaya ya ce, "Mutumin kirki, Allah shi gafarta mai. Illa dai abin da yay yi ma ɗan 'yar'uwatai." Ɗayan ya ce, "Ai aikin gwamnati bai san zumunta ba."

Na wuce da faifan kamar ban ji ba. Fiye da shekara arba'in ke nan, kuma maganar nan ta bi shi har bayan an rufe shi da ƙasa. Shi ya sa na ɗauki biro.

Wanda bai ga Kawu a bakin aiki ba bai san shi ba. Ɗan siriri ne, baƙi, mai wuyan riga a ɓalle har sama ko ana zafin bazara. Da keke ya fara. Da aka yi jihar Sakkwato sabuwa, kuɗin mai ya shigo, kowane ma'aikaci ya sayi babur, shi ma ya saya, amma tafiyarsa ba ta fi ta keken sauri ba. Jakai kan wuce shi a yashi. In an tsokane shi sai ya ce, "Takarda ba ta da ƙafa, ni na ƙafarta. In nik karye, ta karye."

Tsarinsa guda ne, kamar salla. Ranar Litinin da safe rajistara zai ba shi takardu, kowace biyu-biyu: ɗaya ta mai ita, ɗaya ta kotu. A rubuta su a littafin aike, ya sa hannu. Sai ya jera su bisa yadda hanya ta tafi, ya naɗe, ya zura cikin wani dogon gwangwani mai murfi da yake ratayawa a wuya. Duk takardar da ba ta isa hannun mai ita ba, a gwangwanin nan take kwana, domin a cewarsa amana ce, ba ta shan ruwa ba ta shan rana. In ya isa wurin mutum ba ya miƙa takarda yana bisa babur. Sai ya sauka, ya kafe shi, ya yi sallama, ya gaisa har da tambayar shanu. Sannan ya kira wani baligi na kusa ya tsaya shaida. Ya karanta da Hausa da ƙarfi. Ya juya ranar boko zuwa lissafin da mutum zai gane: kasuwa kaza nan gaba, rana kaza. Ya ce, "Maimaita min." In ka maimaita daidai, ya buɗe 'yar tawadarsa ka dangwala yatsa a kwafin kotu, ya jefa kwafin a jakar fata. Sai a lokacin zai karɓi ruwan gidanka ya sha. Ranar Alhamis ya koma Tambuwal, rajistara da hannunsa zai buɗe gwangwani. Abin da ya rage a ciki a rubuta cewa ya dawo.

An yi wani mutum a wajen Fakku da ya ji ƙarar babur ya faɗa cikin rumbu ya ja murfi. Matarsa ta ce ya yi tafiya. Kawu ya dubi takalman da ke gindin rumbun, ya ce, "Ba komi, ni ba ni sauri." Ya shimfiɗa buzunsa a inuwa ya ɗauko tasbaha. Rana ta take, rumbu ya zama tanda. Kafin azahar sai ga murfi yana motsi, mutum ya leƙo jiƙe sharkaf, ƙaiƙayi har cikin kunne. Kawu ya ce, "Sannu da dawowa. Ya hanya?" Ya jira ya yi wanka, sannan ya karanta masa. Yakan ce wa masu irin wannan gudu, "Ni ba sharri nika kawowa ba, rana nika kawowa. Wanda yas san ranatai ya fi wanda ta riska shina barci."

Ni yana kirana Sarkin Wayo tun ranar da na sayar masa da zakaransa ina ɗan shekara goma. Ya biya, ya kai gida, matarsa ta ce ai nasu ne. Bai doke ni ba, suna kawai ya sa mini, ya fi bulala daɗewa.

To ga abin da ya faru. Wata kaka shanunmu suka shiga dawar wani maƙwabci. Ƙanena ne ke kiwo. Magana ta yi zafi, mutumin ya zaro lauje, ƙanena ya kai masa sanda, hannu ya karye. Alƙali ya yanke masa shekara biyu. Amma akwai wani makiyayi da ya ga laujen da idonsa, ba a saurare shi ba domin ya yi nisa da shanu lokacin shari'a. Aka ce mu ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Sakkwato, kuma kowa ya ce in makiyayin nan ya yi magana za a sake shi ko a rage. Aka ba da belinsa kafin ranar sauraro. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a gida, ni na tsaya masa. Sharaɗin shi ne duk takardar da ta zo, in ba a same shi ba a ba ni, ni kuma in kai shi.

Takardar ta zo da farkon damina. Babbar kotu ta aiko wa kotunmu, kotunmu ta ba Kawu. Ya je gida aka ce ƙanena yana daji da shanu, ni kuma ina kasuwar Kebbe. Ya same ni a rumfar masu gishiri ina ciniki. Ya sauka, ya kafe babur, ya gaishe ni kamar ba ɗan yayarsa ba. Ya kira wani baƙo mai raƙumi ya tsaya shaida. Ya karanta. Ya ce, "Kasuwa ukku nan gaba, ran Talata, ƙarfe tara, Sakkwato. Maimaita min, Sarkin Wayo." Na maimaita har da kwaikwayon muryarsa. Na dangwala yatsa. Na saya masa fura ya sha, ya hau ya tafi.

Akwai wani tela a kasuwar da ya taɓa yin wata uku a gidan kaso, tun daga nan ya zama lauyan rumfuna. Na nuna masa takardar. Ya juya ta, a kife ma ya riƙe ta, ya ce, "Kai, wagga ai banza ta. In ba a ba mutum a hannunai ba, shari'a ba ta zama. Ka ɓoye ta. Sai su ɗaga, su sake aikowa. Ka ci damina guda kyauta." Ni kuwa huɗa ta matso, gona uku, ƙanena shi ne mai ƙarfin gidan. Na ce a raina, in an tafi Sakkwato aka ƙi sa'a, wa zai riƙe mini garma? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na naɗe takardar na cusa a jinkar rumbu, ban faɗa wa kowa ba, ina tafe ina jin kaina kamar na ci gwamnati da yaƙi.

A wannan makon, kan hanyarsa ta komawa, Kawu ya tarar rafi ya kawo. Ya shiga yana tura babur, ruwa ya kwashe ƙafarsa. Masu shanu suka fid da shi. Jakar fata ta sha ruwa, kwafin kotu duk suka zama kunu, har da mai yatsana. Shi kuma zazzaɓi ya kwantar da shi kusan wata guda, yana sambatu. Na je gaishe shi da kaza a hannu. Kunya ta hana ni faɗin wannan shekara da shekaru, amma yau sai na faɗa: ba gaisuwa ta kai ni ba, gwaji na je yi. Na ce, "Kawu, yaushe rabonmu da haɗuwa?" Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, ya ce, "Wallahi makon nan duk hayaƙi na. Ba ni tuna inda nib bi." Na fito ina hamdala. Ina ganin har rafi ya goyi bayana.

Talata ta zo ta wuce muna gona. Kotu ba ta ɗaga komai ba. Aka kira sunan ƙanena sau uku, ba shi ba mai belinsa, aka kori ƙarar. Bayan kwana goma 'yan sanda biyu suka zo gona suka tafi da shi, laka har gwiwa, ko wanke ƙafa bai yi ba. Innarmu ta fito ba mayafi tana tambayar me ya faru. Suka ce an aiko da rana bai je ba. Ta juyo ta dube ni. Na ce, "Inna, ni ban ga takarda ba." Da la'asar na zaro ta daga jinka na ƙone a bayan gona.

Muka ɗauki lauya a Sakkwato. Ya ce hanya ɗaya ce: in an tabbatar sanarwa ba ta iso ba, dole a maido da ƙarar a saurari makiyayi. Ya ce kwafi ya lalace, masinja ba ya tunawa, saura kawai masinjan ya ce watakila bai kai ba. Inna ta ɗaura zane muka tafi Tambuwal. Ta zauna a tsakar gidan ƙanenta, wanda ta goya a bayanta, ta ce, "Ba ƙarya nika so ka yi ba. Ka ce ba ka sani ba, ka yi shiru. Shi ke nan."

Kawu ya ce, "Yaya, in an tambaye ni ko na tuna, zan ce ban tuna ba, don ban tuna ba. In an tambaye ni yadda nika aikina, zan faɗi."

"To kak ka faɗi!"

"Da Alƙur'ani a hannu, Yaya?"

"Ɗana na cikin kaso kana yi min wa'azi? Ni nit tauna maka tuwo kana jariri!"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba da zargi ba, kamar mai neman taimako. Ya ce, "Kai ba ka tuna komi? Ko a hanya, ko a kasuwa?" Na ce, "Kawu, da na gan ka ai da na faɗi."

Ranar zama Inna ba ta shiga ba, ta zauna a gindin dalbejiya a waje. Ni aka fara kira. Da aka miƙo Alƙur'ani na ce ba ni da alwala, sai aka ce in ɗaga hannu in yi alkawarin faɗin gaskiya. Na ɗaga. Ina ganin na yi wa Allah ma wayo. Na ce ban ga masinja ba, ban ga takarda ba.

Kawu da alwalarsa ya zo tun daga gida. Ya karɓi Alƙur'ani da hannu biyu. Lauyanmu ya miƙe ya ce, "Malam, ka tuna ka ba wannan mutum takarda?"

"Ban tuna ba."

"Ka tuna ranar? Ka tuna wurin? Ka tuna shaidar da ka kira?"

"Ko ɗaya ban tuna ba, ranka shi daɗe."

Lauya ya zauna yana murmushi. Ni ma na saki numfashi. Sai lauyan gwamnati ya tashi, wani mai sanyin murya, ya ce, "Baba, bar wannan rana. Faɗa wa kotu yadda kake aikinka kullum."

Kawu ya faɗa, tun daga safiyar Litinin har yammacin Alhamis, bai tsallake ko sauka daga babur ba. Tafinta yana juyawa, mai shari'a yana rubutu. Aka ce, shekara nawa kana haka? Ya ce goma sha tara. Aka ce, ka taɓa saɓawa? Ya ce sau ɗaya, ranar da aka tare shi a hanya aka ce mahaifinsu ya rasu, ya juya da gwangwani cike, kuma rajistara ya rubuta sun dawo.

Lauyanmu ya sake zabura. "To ai ka faɗa ruwa! Wa ya sani ko takardar tana cikin waɗanda suka jiƙe ba ka kai ba?"

Kawu ya cire gwangwanin daga wuyansa ya ɗora a kan akwatin shaida. Ya ce, "Wadda ba a kai ba ba ta shiga jaka. Nan taka zama. Ruwa bai shiga nan ba."

Aka kira rajistara da littafinsa. Ya nuna inda takardar ta fita da sa hannun Kawu. Ya ce masu shanun da suka kawo Kawu gida sun kawo masa gwangwanin a rufe, shi ya buɗe da hannunsa kamar kowane mako, ya same shi a bushe, kuma wayam.

Mai shari'a bai daɗe ba. Abin da tafinta ya juya mana shi ne: mutum ba zai tuna kowace takarda cikin ɗaruruwa ba, kuma doka ba ta ce sai ya tuna ba. In an nuna aiki yana da tsari guda da ba a saɓawa, aka nuna takarda ta shiga tsarin, ba ta dawo ba, to kotu za ta ɗauka ta isa, sai in an kawo abin da ya fi "ban gani ba" nauyi. Ya dube ni ta saman tabarau lokacin da ya faɗi haka. Ya ƙi maido da ƙarar. Ƙanena yana tsaye tsakanin gandirobobi biyu, ya dubi Kawu, ya dube ni, aka fita da shi.

Ni na fita na gaya wa Inna. Da bakina na zaɓi kalmomin. Ban ce mata ya ce bai tuna ba. Na ce, "Kawu ya tsaya ma gwamnati." Da ya fito ya nufo ta, ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, yadda duk mai wucewa zai ji, "Daga yau ba ni da ƙane."

Ƙanena ya yi shekara ɗaya da wata huɗu a gidan kaso. Ni sau biyu na je, domin ba na iya haɗa ido da shi. Kawu kuwa duk ranar da aiki ya kai shi Sakkwato sai ya biya, da ƙullin fura da ƙuli-ƙuli da sabulu. Damina ta biyu ya aiko da shanun huɗarsa tun daga Tambuwal aka yi wa gonar ƙanena huɗa, ya ce kada a faɗa wa Inna na wane ne. Da ƙyanda ta shigo ƙauyenmu ta ɗauke 'yar ƙanena, 'yar shekara biyu, aka rasa mai kai labari. Ni na ce ƙafata na ciwo. Kawu ya je. Ƙanena ya ba ni labari daga baya cewa sai da ya zauna, ya gaishe shi, ya sa ya karanta Fatiha, sannan ya faɗa masa, ya riƙe kansa a ƙirji har gandiroba ya ce lokaci ya yi. Shi ya sa ko da ya fito bai taɓa riƙe Kawu a zuci ba. Yakan ce, "Takarda dai ta ɓace tsakanin sama da ƙasa. Ƙaddara ta." Bai taɓa tambayata ba. Da ya tambaya ma, na san abin da zan ce.

Inna ce ba ta sauko ba. Shekara goma sha ɗaya. Kowace Salla Kawu zai zo ya tsaya a zaure, ya ba ni goro da turmin atamfa ya ce, "A ce ma Yaya na zo." In shiga, in fito da kayan yadda na shiga da su. Sai ya karɓa ya ɗaure a bayan babur, ya tambayi lafiyar shanu, ya tafi. Wata Sallar har ya yi mini wasa, ya ce, "Ka dai faɗa mata? Maimaita min." Na yi dariya har da buga cinya. Duk zuwan nan kalma ɗaya ce a bakina, ina jin ta kamar ƙaya, amma kowace shekara sai ta ƙara nauyi. Da fari tsoron kaso nake. Daga baya tsoron ƙanena. Daga ƙarshe tsoron idon Inna kawai, domin ni ne ɗanta mai ba ta dariya.

Da ciwon ajali ya kama ta aka aika Tambuwal. Ya iso da la'asar, ya wuce zaure a karo na farko, ya tsaya a ƙofar ɗakinta da takalmansa a hannu. Ni ina bakin ƙofar, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Na ce, "Inna, ga Kawu." Muryarta ta kusa ƙarewa, amma ta ce, "Kak ku bari shi shigo." Ya ji da kunnensa. Ya ce mini, "To. Ka ce mata na yafe, ita ma ta yafe min." Na faɗa mata. Ta juya fuska ga bango. Ya tsaya har aka kira magariba, sannan ya sa takalmansa. Bayan kwana biyu ta cika. Shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Saboda haka ga shi a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba: takarda ta iso. A rumfar masu gishiri, a hannuna na dama. Kawu bai ɗaure kowa ba, ni na ɗaure ƙanena don huɗar gona uku, na raba ya da ƙane har kabari. Kafin wannan rubutu ya fita daga hannuna zan je in faɗa wa ƙanena da bakina. In ya tsine mini, ya yi daidai. Amma kada a sake zama a tabarmar makokin Kawu a ce "illa dai".

Kwana tara kafin rasuwarsa na je Tambuwal da niyyar faɗa masa. Tun a mota nake shirya maganar. Na same shi da safe a kan gado an jingina shi da filo, ya zama kamar kara. Da na buɗe baki sai halina ya riga ni, na fara ba shi labarin zakara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce wa matarsa ta je ta dama mana fura. Da ta fita ya kama hannuna, na damar, ya riƙe babban yatsan yana juyawa. Ya faɗa mini wata magana a hankali. Matarsa ta shigo da ƙwarya, na sha, na yi sallama, na ce sai na dawo mako mai zuwa.

Ga maganar da ya faɗa mini yana riƙe da yatsan: "Sarkin Wayo, makon nan har yau ba ni tuna shi. Amma na san yadda nika aikina, kuma na san yadda kaka naka. Wannan na yafe tun ɗan'uwanka bai fito ba. Sai dai ranar da nit tsaya ƙofar Yaya, ina ta kallon bakinka. Taku ukku na tsakanina da ita."